A Cire Rabon Kare Kafin A Sa Albasa



A taron ƙungiyarmu na watan jiya, bayan an gama lissafin kuɗin taki, wani saurayi ya fito da wayarsa ya nuna mana hoton wani kare. Gajere ne ƙwarai, ƙafafu kamar an datse, kunnuwa a tsaye kamar na dila, jiki kuwa dogo kamar turmi a kwance. Ya ce sunansa korgi, irin karen da marigayiya Sarauniyar Ingila ta yi kiwo ke nan. Ya ce wai a can Turai har zama ake yi a tsara irin abincin mutane da za a ba shi don marmari, da wanda ba za a ba shi ba. Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Wannan ai zancen ƙoshi ne. Namu karen me aka taɓa zaɓa masa? Abin da ya rage a kwano shi ne nasa."

Ni ma na yi dariya. Amma da na koma gida maganar Baba ta ƙi barina, gama na tuna da karnuka nawa suka mutu a ƙauyenmu cikin 'yan shekarun nan ba wanda ya san dalili. Na tuna kuma da gidaje biyu da har yau ba sa gaisawa sosai domin ɗaya yana zargin ɗaya da sa wa karensa guba. Saboda haka na ga ya kamata mu ɗan duba zancen gajeren karen nan. Ba na ce wani ya je ya sayo shi ba. Abin da masu shi suka koya da tsada, mu za mu iya samunsa a banza, gama cikin kare ɗaya ne ko a fadar Ingila ko a bayan rumbunmu.

Da fari, korgi asalinsa ba karen fada ba ne. Karen talakawan manoma ne na ƙasar Wales, wani yanki mai tuddai da ruwan sama da yawa a yammacin Birtaniya. A harshen mutanen wurin ma'anar sunan ita ce wadan kare. Aikinsa korar shanu. Yakan bi bayan garke yana ɗan cizon dugadugansu, in saniya ta kai harbi sai ƙafarta ta wuce ta bisa kansa, domin tsayinsa a kafaɗa bai wuce inci 10 zuwa 12 ba. Da rana ya kai shanu makiyaya, da dare ya yi gadin gida ya kashe ɓeraye. Iri biyu ne, Pembroke da Cardigan, bisa sunan gundumomin da suka fito, kuma a 1934 ne masu rajistar karnuka na Ingila suka ƙidaya su iri dabam dabam. Manomin Wales na dā ba shi da abincin gwangwani. Abin da gida ya ci, shi kare ya ci, kamar dai mu.

A 1933 ne korgi ya shiga gidan sarauta, sa'ad da mahaifin Elizabeth ya kawo musu guda ɗaya mai suna Dookie, tana 'yar shekara 7. A 1944, ranar da ta cika shekara 18, aka ba ta wata karya mai suna Susan, daga zuriyarta kuwa aka sami yawancin karnukan da ta riƙe. Kafin rasuwarta a 2022 ta yi kiwon fiye da 30. Wani da ya taɓa yi mata kuku ya ba da labari cewa abincinsu dafaffen nama ne, na sa ko kaza ko zomo, da shinkafa da kabeji, a yayyanka ƙanana a tabbata babu ƙashi a ciki. Ku lura da wannan. Ko a gidan da babu abin da aka rasa, abincin kare bai wuce hatsi da nama da ganye ba. Bambancinsa da namu shi ne an ware shi dabam, ba a kwaso shi daga ragowar miya ba.

To, da mutanen birni suka ga karen Sarauniya sai kowa ya so nasa. Kare da aka saba da shi yana yini a guje bayan shanu ya koma kwanciya a falo, amma cikinsa bai san an canja masa aiki ba. Korgi mayen ci ne, ya kuma iya kallon mutum da ido har a ji tausayinsa a miƙa masa abin da ke hannu. Babbar cutarsa a yau ƙiba ce. Nauyinsa na daidai wajen kilo 10 zuwa 13 ne. In mai kilo 12 ya ƙara kilo ɗaya tak, daidai yake da mutum mai kilo 60 ya ƙara kilo 5. Da yake bayansa dogo ne kuma ƙafafun gajeru, wannan kaya a gadon baya da gaɓoɓi yake sauka. Irinsa kuwa dama suna da saurin ciwon ƙashin baya, wanda yakan kai wasu ga jan gindi.

Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2002. An ɗauki karnuka 48 na irin Labrador, aka raba su biyu-biyu, 'yan uwa ɗaya. Ɗaya a ba shi abinci yadda aka saba, ɗayan a rage masa kashi ɗaya cikin huɗu, aka bi su haka har ƙarshen ransu. Waɗanda aka rage wa sun kai wajen shekara 13, sauran kuwa shekara 11 da 'yan watanni. Kusan shekara biyu ke nan, ba magani ba allura, sai awon kwano kaɗai.

Shi ya sa likitocin dabbobi suka kafa wa masu korgi wata ƙa'ida, lissafinta kuwa duk ɗan ikkilisiya ya san shi, watau ɗaya cikin goma. Duk abin marmarin da za a miƙa wa kare a yini kada ya wuce ɗaya cikin goma na abincinsa. Ana auna ƙarfin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori. Kare mai kilo 12 yana bukatar wajen 700 a yini, saboda haka rabonsa na marmari 70 ne. Dafaffen ƙwai guda ya cinye wannan 70 ɗin duka. Gyaɗa cike da tafin hannu ta ninka shi biyu har da ɗori. Amma karas mai giram 100 wajen 40 ne, kankana 30, kokwamba 15. Kun ga dalilin da ya sa masu korgi suka koma ga kayan lambu: kare ya sami abin taunawa, ya ji an kula da shi, bayansa kuma bai ɗauki kaya ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kusan duk abin da suke yabo muna da shi a gona ko a fadama. Karas ɗanye ko dafaffe. Kabewa dafaffiya, wadda takan gyara cikin kare in bayan gidansa ya yi tauri ko ya ɗan yi ruwa. Dankalin Hausa dafaffe, ba mai ba gishiri. Dankalin Turawa ma haka, amma sai an dafa, kuma a yar da wanda ya yi kore ko ya tsiro, domin akwai dafi a koren. Koren wake da kuɓewa da ɗan kabeji. Cikin 'ya'yan itace akwai ayaba, amma yanki kaɗan domin zaƙinta. Gwanda da kankana bayan an cire 'ya'yan da ɓawon. Tuffa ban da 'ya'yan cikinta. Mangwaro a fere a yanka. Ƙwallon mangwaro kam kada a bar shi inda kare zai samu, haka kuma totuwar masara. Ba su narkewa. Kare yakan haɗiye guntu ya toshe masa hanji, daga nan sai aikin tiyata, mu kuwa mun san nisan da ke tsakaninmu da inda ake yi wa kare tiyata. Lokacin gasa sabuwar masara yara sukan jefa wa kare totuwa don wasa. A hana su.

Wajen abin gina jiki akwai dafaffen ƙwai, da tsokar nama marar kitse, da kifi in an zare ƙayar, da wake wanda ya dahu lugub. Madarar shanu ɗanya takan sa wa manyan karnuka da yawa zawo, amma cokali ɗaya ko biyu na kindirmo marar sukari yawancinsu suna ɗauka lafiya. Ƙwai kuwa a dafa shi. Ban da ƙwayoyin cuta da ke iya kasancewa a ɗanye, duk mai kiwon kaji ya san karen da ya ɗanɗana ɗanyen ƙwai ba ya ƙara barin akurki ya huta. Kowane sabon abu a fara da kaɗan, iri ɗaya a rana, a duba bayan gidan karen washegari.

Sai tuwo. Wasu 'yan boko sukan ce kare ɗan uwan kyarkeci ne, nama kaɗai ya dace da shi, ba shi tuwo zalunci ne. Wannan ba daidai ba ne. A 2013 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gwada halittar kare da ta kyarkeci, suka tarar jikin kare yana da kayan narkar da hatsi fiye da na kyarkeci nesa ba kusa ba. Dubban shekarun da ya yi yana zaune da manoma sun gyara masa ciki. Saboda haka tuwon dawa ko na masara, da shinkafa, da acca, babu laifinsu, muddin dai ba su kaɗai ne abincinsa kullum ba. Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ba kare tuwo.

Inda gizo ke saƙar shi ne miya.

Babu tukunyar miyar da ba a sa mata albasa, da yawa kuma har da tafarnuwa. Mu suna yi mana amfani. Kare kuwa akwai wani abu a cikinsu da ke fasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, busasshen gari ma ya fi ɗanye ƙarfi. Wajen giram 5 ga kowane kilo na nauyin kare ya isa ya fara taɓa jininsa. Ga mai kilo 12 giram 60 ke nan, ƙaramar albasa guda. Ba lalle ne ya ci ta gaba ɗaya ba, in yana samun kaɗan kaɗan kowace rana ɓarnar tana taruwa. Mugun abin kuma shi ne ba ya nunawa nan da nan. Sai bayan kwana biyu ko uku ko fi za a ga kare ya yi laushi, yana haki, ya ƙi abinci, dasashinsa ya koɗe ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja ko ruwan ƙasa. A lokacin kowa ya manta da ragowar dafa-dukan bikin da aka juye masa ranar Asabar. Sai a fara duban maƙwabci.

Ban ce duk karen da ya mutu haka albasa ce ba. Ciwon da kaska ke kawowa ma yana sa wannan farin dasashi da jan fitsari, guba ta gaske kuma akwai ta. Abin da nake cewa shi ne, kafin mu ɗora wa ɗan'uwa cikin Kristi laifi mai nauyi irin wannan, mu tambayi kanmu abin da muka zuba a kaskon karen cikin makon.

Miya tana kuma ɗauke da gishiri da dunƙulen magi, wanda shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, da barkono, da mai. Yajin tsire da na kilishi sun haɗa kusan dukansu wuri guda. Wasu kuma da gangan suke ba kwikwiyo barkono wai don ya yi zafin rai. Barkono ba ya sa jarunta, ciwon ciki yake sawa, kare mai ciwon ciki kuwa yaran gida zai fara ciza kafin ɓarawo. Kitse da fatar kaza da sauran man suya, in kare ya sha su da yawa a zama ɗaya, akwai wata gaɓa kusa da tumbi da ke taimakon narkar da abinci, takan kumbura. Sai amai da ciwo mai tsanani, wani lokaci har mutuwa. Likitocin dabbobi a Turai sun san wannan ciwo da yawaita bayan bukukuwa, lokacin da kowa ke jin kirki yana miƙa wa kare.

Masu korgi suna tsoron cakulan ƙwarai, domin akwai abin da ke cikinsa da ke sa zuciyar kare bugu da sauri, da rawar jiki, har farfaɗiya. Mu cakulan bai dame mu ba sai ko a birni. Amma muna da goro, abin da ke hana mu barci a cikinsa kuwa dangin wancan ne, haka ma kofi da ganyen shayi. Suna tsoron cingam marar sukari saboda wani abin zaƙi mai suna zailitol, wanda kaɗan daga cikinsa yakan faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci. Suna tsoron inabi, ɗanye ko busasshe, domin yana kashe ƙodar wasu karnuka. An daɗe ba a gane dalili ba. A 2022 wasu likitocin dabbobi na wata cibiyar kula da guba a Amurka suka buga rahoto cewa suna ganin wani irin tsami ne da ke cikin inabin, suka kuma kawo labarin karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya, wadda ke da wannan tsamin da yawa. Wannan kam ya shigo har tsakar gidanmu. Ragowar kunun tsamiya da tuƙar da aka tace, a zuba su inda kare ba ya kaiwa.

Iyayenmu mata na zumunta masu suyar fanke, ku rufe ƙullunku. Ƙullu mai yis in ya shiga cikin kare yakan ci gaba da tashi a can ciki, yana kuma zama barasa. Burukutu da dusarsa ba sai na yi dogon bayani a wannan takarda ba. Abin da bai yi wa mai gida kyau ba, bai yi wa karensa ba. Ɗanyen rogo mai ɗaci shi ma a kiyaye, yadda muke kiyaye awaki da shi.

Ƙashi fa? Na san a nan za a ce na wuce gona da iri, kare da ƙashi ai tare aka san su. Amma dafaffen ƙashi ba ɗaya yake da ɗanye ba. Wuta takan busar da shi, in an tauna sai ya tsattsage kamar tsinke, balle na kaza da na zabo. Yakan maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Kukun Sarauniya ba don iyayi yake tsince ƙashi ba. In ana son kare ya amfana da ƙashi, a tafasa shi a ruwa zalla, a jiƙa masa tuwo da romon, ƙashin a binne.

Yanzu bari in koma ga maganar Baba, gama tana da nauyi. Zai ce, yaranmu ba su sami ƙwai ba, kai kana zancen dafa wa kare? Gaskiyarsa. Yaro ne gaba, ba na jayayya. Kun san labarin macen nan Bakan'aniya a Matiyu sura 15, inda aka yi zancen abincin 'ya'ya da ɓarɓashin da ke faɗa wa karnuka. Ba kiwon kare ake koyarwa a wurin ba, amma ya nuna mana tsarin gida tun zamanin dā: 'ya'ya su fara, kare kuma yana da nasa rabo. Abin da nake roƙo bai taɓa rabon yaro ba. Uwargida, sa'ad da naman ko waken ya dahu, kafin ki sa albasa da magi da barkono, ki ɗebi ludayi ɗaya na ruwan ki ajiye a gefe. Da shi za a jiƙa wa kare tuwonsa. In kuwa kin saba sa albasa tun farkon tafasa, ki ɗan jinkirta ta, ko ki tsame masa guntu a wani ɗan gwangwani. Dankalin da fartanya ta sare, kabewar da ta fashe ba za ta sayu ba, ƙwan da ya tsage, karas ɗin da ya karkace 'yan kasuwa suka ƙi, duk waɗannan ba kuɗi muke samu da su ba.

Zai kuma ce, karnukanmu tun kaka da kakanni suna lashe kwanon miya ba su ƙare ba. Haka ne. Lasar kwano ɗaya ba ta kashe kare, yawa ne ke kisa, da maimaitawa. Kuma miyar kakanninmu ta kuka da daddawa ba ta da albasa da magi da man da ke cikin tamu ta yau. Sa'an nan mu faɗa wa juna gaskiya, wa ya taɓa ƙidaya shekarun karnukanmu? Korgi da aka kula da shi yakan yi shekara 12 ko fi. A ƙauyenmu karen da ya ga damina shida tsoho ake ce masa.

Matsalar korgi ƙiba ce, ta namu rama. Amma gwajin ɗaya ne. Ka shafa gefen karen da tafin hannu. In ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, kuma in ka dube shi ta sama ka ga ƙugunsa ya ɗan shiga, to, daidai yake. In sai ka danna kafin ka ji ƙashi, a rage. In kana iya ƙidaya haƙarƙarin da ido daga nesa, a ƙara, a kuma nemi maganin tsutsa. Karya mai shayarwa tana bukatar ninkin abincinta ko fi. Mun san ba a kiwon kare ranar farauta. Wanda yake so ya kore masa birai daga masara a watan Agusta, ya tsare masa awaki da dare, tun bazara zai fara.

Akwai abu biyu da suka fi shafarmu fiye da masu korgi, su ne kuma suka fi tsorata ni.

Na ɗaya, hatsin da ya yi fumfuna. Al'adarmu ce in masara ko gyaɗa ta lalace a rumbu a ce a ba dabbobi. Fumfunar nan tana haifar da wani dafi mai suna afalatoksin wanda ke cin hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. Kare yana cikin dabbobin da ba sa jure shi ko kaɗan. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka saboda abincin kanti da aka yi da irin wannan masara. In gyaɗa ko ƙuliƙuli ya yi ɗaci ko wari, ba na yaro ba ne, ba na kaza ba ne, ba na kare ba ne.

Na biyu, ɗanyen kayan ciki. In mun yi yanka lokacin Kirsimeti ko biki, muka ga hanta ko huhu da wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki kamar 'yan jakunkuna, mukan yanke wurin mu jefa wa kare. Muna ganin mun yi tsabta, mun kuma yi kirki. Alhali waɗannan jakunkuna 'ya'yan wata ƙaramar tsila ne. A cikin hanjin kare suke girma, shi kuwa ba ya nuna alamar kome. Ƙwayayensu su fita cikin kashinsa, su bazu a ciyawa da lambu da gashin jikinsa. Tumaki da shanu su ci, jakar ta sake fitowa a hantarsu. Yaron da ya yi wasa da karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma tana iya tsirowa a hantarsa ko huhunsa, ta yi shekaru tana girma a ɓoye, a ƙarshe sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti. Haka kuma tunkiya ko akuyar da ta kamu da juwa tana zagaya wuri ɗaya, sau da yawa wata irin jakar ce a ƙwaƙwalwarta. Mu yanka ta mu ba kare kan, shi kuma ya mayar da cutar cikin garke. Da hannunmu muke juya wannan dabaibayi. Kayan ciki masu lafiya a tafasa su sosai, kamar rabin sa'a, kafin a ba kare. Masu jaka a ƙone su ko a binne da zurfi. Mushe kuma kada a bar masa ko kaɗan.

In kare ya riga ya ci abin da bai kamata ba, kada a ɗura masa gishiri don ya yi amai, gishirin kansa yana iya kashe shi. Manja ba ya karya dafi. Maganin ciwon kai na mutane kuwa guba ne gare shi. A nemi malamin dabbobi tun alamu ba su fito ba, a gaya masa abin da karen ya ci, da yawansa, da lokacin.

Abu na ƙarshe da na koya wurin masu korgi shi ne amfanin da suke yi da abin marmarin. Ba sa jefa shi haka kawai. Sukan yanka shi ƙanana kamar ƙwayar wake, su kira kare, in ya zo ya zauna sa'an nan a ba shi. Da haka yake koyon amsa kira. Ku tuna wahalar da muke sha ranar da ma'aikata suka zo yin allurar haukan kare, yadda ake bin karnuka da igiya har cikin dawa, rabinsu kuma su tsere ba a yi musu ba. Karen da ya saba in an kira shi akwai guntun dankali, yaro ma zai riƙe shi a yi masa allura.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan cikin abin da za a tattauna kafin yankan Kirsimeti. A haƙa rami mai zurfi kusa da inda ake yanka, a sa mutum ɗaya ya lura da kayan cikin da aka ƙi. A tambayi malamin dabbobi na yanki kuɗin maganin tsila, wanda ake kira farazikwantel, a gani ko za a haɗa kuɗi a saya gaba ɗaya kamar yadda muke yi da taki, a ba karnukan ƙauye duka rana ɗaya. In gida ɗaya ya yi maƙwabcinsa bai yi ba, ciyawar dai ɗaya ce tumakinmu ke ci.

Na karanta wa Baba wannan takarda kafin in aika da ita. Ya ce rami ya yarda, shi ma zai kawo diga. Ludayin romo kuma zai gaya wa Mama. Ƙwai kuwa, ya ce sai dai in kaza ce ta taka shi da kanta.